Keke, Taswira da Fadamar Haɗeja: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da yawanmu a kan keke muka yi makarantar nan, kuma ba mu taɓa tambayar na'ura hanya ba. Yau 'ya'yanmu sai su duba waya, ta zana musu hanya, har ta nuna musu hawa da gangara. A kan wannan nake so in ja hankalinmu.

A daminar 2022 ɗana ya ɗauki keke daga Haɗeja zai kai wa kakarsa magani a wani ƙauye wajen Kirikasamma. Wayarsa ta nuna masa gajeriyar hanya, shimfiɗaɗɗiya, babu kwari. Bai yi nisa ba ruwa ya kai masa ƙugu. Wani masunci ne ya fito da shi a kwalekwale, maganin kuwa ya jiƙe.

Da na bincika sai na gane dalili. Da yawa daga cikin taswirorin nan sun dogara ne da awon da kumbon Endeavour na Amurka ya yi cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, wato da rani. Awon yana ba da lamba ɗaya ga kowane fili mai faɗin kusan mita 30, kuma kuskuren da aka yarda masa ya kai mita 16. A ƙasa mai duwatsu wannan ba komai ba ne. Amma a fadamarmu, mita ɗaya ce ke raba tudu da kududdufi.

Ban da haka, ruwanmu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar kogin, ga kachala ta toshe magudanai, ruwa yana bin inda bai saba bi ba. Awon shekarar 2000 bai san wannan ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, ban ce a jefar da waya ba. Amma mu koya wa yaranmu cewa kafin su shiga fadama da damina su tsaya su gai da manomi ko masunci, su tambaye shi inda ruwa ya kwana. Matambayi ba ya ɓata.

Malamanmu da suka koya mana karatun taswira, Allah ya saka muku da alheri. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu.