Sababbin Kuɗin Ƙarfe: Daga Babban Banki Zuwa Kasuwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba abin da ke sa jama'a su karɓi sabon kuɗin ƙarfe ko kuwa su juya masa baya. Hukuma ita ce ke buga kuɗi, amma kasuwa ke raya shi. Domin tabbatar da haka, zan kawo misalai biyu daga tarihin Nijeriya.

Ran 1 ga Janairu, 1973, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ƙasar nan ta bar lissafin fam da sule da kwabo, ta koma naira da kwabo, watau kwabo 100 a kowace naira. Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsaba iri biyar, kowace da hoton wani arzikin ƙasa: auduga a kan rabin kwabo, rijiyoyin man fetur a kan kwabo 1, koko a kan kwabo 5, bishiyar kwakwar manja a kan kwabo 10, sa'an nan dalar gyaɗa irin ta Kano a kan kwabo 25.

To, me ya sa wannan canji ya zauna? Dalili na farko shi ne sabon lissafi ya dace da tsohon. Naira ɗaya daidai take da sule 10, saboda haka kwabo 10 ya gaji sule, kwabo 5 ya gaji sisi, har mutane suka ci gaba da kiransu da tsofaffin sunayen. Mai sayar da ƙosai wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta gane kuɗinta ba tare da wani ya ƙware ta ba. Dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne kowace tsaba tana iya sayen wani abu.

Yanzu sai mu dubi misali na biyu. A watan Fabrairu na 2007, lokacin da Farfesa Charles Soludo yake Gwamnan Babban Banki, an fito da sababbin tsabar kwabo 50, naira 1 da naira 2. An kyautata ƙirarsu, an kuma yi ta yekuwa a rediyo da jaridu. Amma ba a jima ba suka ɓace daga hannun jama'a, domin tsadar kaya ta riga ta cinye darajarsu. Ba wanda zai cika aljihunsa da ƙarfen da ba zai saya masa ko ƙwayar goro ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. Idan ƙananan kuɗi suka ɓace, farashi yakan riƙa tsalle daga wannan takarda zuwa ta gaba, a kuma hana mai saye canjinsa, ko a biya shi da alewa. Talaka mai sayen cefane kaɗan-kaɗan shi ya fi kowa ɗaukar wannan hasara, da yayyafi kuwa kogi ke cika. Har ila yau, ƙaramar takarda ba ta jure yawon hannu kamar ƙarfe, don haka hukuma takan yi ta kashe dukiyar jama'a wajen sake buga ta.

Saboda haka, ku ɗalibai da ma'aikata waɗanda tsara manufofin ƙasa zai zo hannunku, kafin ku zaɓi hoton da za a zana a kan sabuwar tsaba, ku fara tambayar abin da za ta saya a kasuwar Kurmi. Tsare darajar kuɗi shi ne aikin farko.