Sinadarin boron mai halin sabulu

Ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa, shi ya sa take dunƙulewa ta kama maiƙo. To ga wani sinadari, COSAN, da Frederick Hawthorne ya haɗa a Amurka a 1965: ƙwayar kobalt ɗaya a tsakanin keji biyu na boron da kabon. Ba kai, ba wutsiya, amma a 2011 masana daga Faransa da Sifaniya suka nuna cewa a cikin ruwa da kansa yake haɗuwa ya zama ƙananan jakunkuna. Yana ma ratsa fatar ƙwayar halitta bai fasa ta ba. Masu binciken magunguna, ku sa masa ido.