Rubutu a Kan Faifan CD da DVD: Jawabi Ga Malamai Masu Ajiye Takardu



Da yawa daga cikinmu sun kai takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, an ɗauki hotonsu an naɗe a faifan CD ko DVD, domin ranar da za a nema lokacin tantancewa ko lissafin fansho. Dabara ce mai kyau. Sai dai faifai da dama na lalacewa tun ranar da aka naɗe su, a hannun mai su, lokacin da ya ɗauki biro zai rubuta abin da ke ciki.

Kaurin faifan CD milimita 1.2 ne, kusan dukkansa roba ce mai haske. Bayanan suna kwance ne a wani shafe na rini da hasken leza ke yi wa tabo, sai shafen azurfa ko zinariya a bisansa, sai fenti siriri ƙwarai da ya rufe su. Dukkan waɗannan suna can sama, dab da fuskar da muke rubutu. Mun saba lallaɓa ɓangaren ƙasa mai ƙyalli, alhali ƙarzuwar ƙasa sau da yawa ana iya goge ta, amma ta sama tana tafiya da bayanin ne gaba ɗaya. Shi DVD ya ɗan fi kariya, domin roba biyu ce masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan suna tsakiya. Duk da haka shawarata ita ce a yi musu hukunci ɗaya, don ba kowa ke duba wanne ke hannunsa ba.

Saboda haka a nisanci biro da fensir, da duk abin rubutu mai tsini. A nemi maka mai taushin baki wadda tawadarta ta ruwa ce, ko wadda aka rubuta a jikinta cewa ta faifai ce. Makar da ke da ƙarfin wari irin na fenti tana ɗauke da sinadaran da kan iya cin fentin saman a hankali, ɓarnar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru. Wannan ita ce shawarar da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta bayar a jagoran kula da faifai da aka fitar a 2003, kuma ɗakunan adana littattafai suna bin ta.

Sai batun sitika da salatif, wanda a nan ne na fi son mu tsaya. Mu malamai muna son tsari, muna son mu ga an manna takarda an rubuta aji da zango da shekara. To faifai yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya a cikin kwamfuta, kuma takardar da ta karkata gefe guda takan sa shi rawa har na'ura ta kasa karantawa. Ga kuma yanayinmu: zafin bazara na narkar da gam, raɓar damina na kumbura takarda, hunturu ya busar da ita ta tattare tana jan fuskar faifan. Ranar da wani ya ga gefen takardar ya ɗaga ya ce bari ya ɓare, yana iya ɗago shafen azurfar tare da ita. Wanda ya riga ya manna, kada ya cire. Ya hanzarta kwafe abin da ke ciki zuwa sabon faifai.

Wurin da ya fi aminci shi ne ɗan zoben nan mai haske da ke kewaye da ramin tsakiya, domin babu bayani a wurin. Ƙarami ne, lamba kawai yake ɗauka, kuma ta wadatar. A rubuta 001 ko 002 a zoben, a maimaita lambar a takardar kwanson faifan tare da cikakken bayani da ranar naɗi, sannan a shigar da ita a littafi guda, kamar yadda muke yi da rajistar aji. Ofishin reshe ma zai iya ware irin wannan littafi ga faifan taruka da jerin sunayen mambobi.

Daga nan a mayar da kowane faifai kwansonsa, a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da hasken rana, domin rinin nan ba ya jure haske. Idan ƙura ta hau, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira. Takardar da fanshonka ya rataya a kanta kuwa, a yi mata kwafi biyu a ajiye a wurare daban, a riƙa buɗe su a kwamfuta akalla sau ɗaya a shekara, takardun asali kuma su ci gaba da zama a fayil ɗinsu.