Wa Zai Gaji Tsohuwar Land Cruiser a Pusiga?

A Pusiga mai tsohuwar Land Cruiser ba ya sakinta da sauƙi. Ita ke janyo motar albasa in ta mace tsakanin Bawku da Pulimakom. Makanike ya san ta ciki da waje, kayan gyara kuma a aika Suame a Kumasi.

Amma canji na zuwa, kuma lissafin ba daɗi. Motar da aka shigo da ita ta Tema, in ta haura shekara 10, kwastan na ɗora mata tara.

Shi ya sa ido ya koma kan Hilux, wadda Toyota ke harhaɗawa a Tema tun 2021. Ba ta kai tsohuwar faɗin ciki ba, amma tana ja, tana ɗaukar buhuna. Kuɗinta ne dai sai an sayar da shanu.