Taya ɗaya tana iya kwantar da mota

Wani garin karkara a jahar Maraɗi yana da motar ɗaukar marasa lafiya, irin mai ƙafa huɗu da ake kira kat-kat. Kututture ya yanke mata taya guda a daji. Kwamitin gari ya so ya sayi tsohuwar taya mai araha. Kafin a saya, an kira makanike ya yi jawabi a makarantar yaƙi da jahilci. Ga abin da ya faɗa.

Ya gaida mai gari da dattawa da mata. Ya ce motar nan ta kowa ce. Ita ce ke kai mace mai naƙuda likita da dare. In ta kwanta, sai amalanke.

Ya ce ba kowace ɓarnar taya ake yi wa faci ba. In ƙusa ko ƙaya ta huda wurin da ke taka ƙasa, mai faci yana iya gyarawa. In gefen taya ne ya yanke ko ya kumbura, ta gama aiki. Tana iya fashewa ana cikin gudu.

Daga nan ya zo ga babbar magana. A kat-kat, inji yana tura ƙafafu huɗu tare. Saboda haka dole tayoyin su zama daidai. Ya ce manomi ya san abin da ke faruwa in aka haɗa babban sa da ƙarami a garma ɗaya: wannan na ja, wancan na tirjewa, kunya ta karkace.

Sabuwar taya ta fi wadda ta cinye girma, ko da ido bai gani ba. Taya irin ta wannan mota tana juyawa kamar sau 400 a kilomita guda. In zanen sabuwa ya fi na tsohuwa zurfi da milimita 5, tsohuwar za ta ƙara juyi wajen 5 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 100, juyi 500 ke nan. Haƙoran ƙarfe da ke raba ƙarfi ga ƙafafu su ne ke shan wahalar. Suna zafi, suna cinyewa. Gyaransu ya fi kuɗin taya nesa. Araha ba ta ado.

Ya ba kwamiti shawara uku.

1. A karanta lambar gefen taya. In an rubuta 7.50 R 16, to a sayi mai wannan lamba, iri ɗaya da sauran.

2. In sauran ba su cinye sosai ba, sabuwa ɗaya ta isa. In sun cinye, a sayi biyu, a sa su gaba ko baya tare. Motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum, gara a sake mata duka.

3. A duba shekarar taya. Akwai lamba huɗu a gefe. In an ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Taya tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba.

Ga direba kuma ya ce: a tare ƙafafu da duwatsu. A sassauta noti kafin a ɗaga mota. A sa katako ƙarƙashin jak don kada ya nutse cikin rairayi. Kowa ya sauka, kada wani ya shiga ƙarƙashi. A ɗaure noti ɗaya, sai na daura da shi, kada a bi su jere.

Wani dattijo ya tambayi amfanin karatu a nan. Makanike ya ce wanda ya iya karanta lambar taya, ɗan kasuwa ba ya cutarsa. Kwamiti ya aiki ɗalibai biyu su rubuto lambar, aka soma tara kuɗi.