Takardar Kula da Rumbun Bayanai

Shugaban taro, malamanmu, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

An ce in yi magana kan aikina, to ga abin da ya hana ni barci bara. Ofishinmu yana ajiye bayanan albashin ma'aikata a cikin PostgreSQL, rumbun bayanai na kwamfuta wanda kowa ke da ikon ɗauka kyauta, ya duba cikinsa, har ya gyara. An fara gina shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986.

Rumbun nan yana da wani hali. In ka goge bayani ko ka canza shi, tsohon ba ya fita nan take, yana nan kwance kamar ƙaiƙayi sai an yi shara, wadda ake kira VACUUM. Tun 2005 aka haɗa masa mai shara na kansa, amma wani ya kashe namu bai rubuta dalili ba. Da aka yi wa jami'in da ya san kan abin canjin wurin aiki, takardar da ya bari layi ɗaya ce: "A riƙa shara." Yaushe? Da wane umarni? Shiru. Na'ura ta yi nauyi, albashi ya makara. Mun ma yi sa'a, domin in aka bar shi ma'amaloli suka kusa biliyan 2 ba shara, ƙin karɓar sabon rubutu yake yi.

Yanzu mun sake rubuta takardar. Kowane aiki an faɗi ranarsa, da dalilinsa, da alamar da za ka gani in ya yi daidai. Muka ba sabon ma'aikaci ya bi ta shi kaɗai. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan muka gyara. Malamanmu masu jan biro, da ku muka yi koyi.