SAUYA SANA'A: A NEMI MAI NUNA HANYAR KASUWA KAFIN A SAKI RESHE

Wannan shi ne jawabin da wani Malami, wanda kuma ya daɗe yana harkar kasuwa, ya gabatar ga matasa 'yan uwa a wani zama da aka yi bayan sallar Isha'i.

Bayan ya gode wa Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzon Allah (SAW), Malam ya fara da bayyana dalilin da ya sa ya zaɓi wannan magana. Ya ce a 'yan kwanakin nan da wuya mako ya fita wani ɗan uwa bai zo masa da batun barin sana'arsa ba. Wannan ya ce tuƙin Adaidaita Sahu ya daina biya, mai ya cinye ribar, balas ya cinye saura. Wancan ya ce ya gaji da zaman shagon mutane. Wani kuma ya gama bautar ƙasa, takarda na cikin akwati, yana so ya faɗa kasuwa. To amma abin da ya lura da shi, in ji Malam, mafi yawansu ba shawara ce ke kawo su ba. Addu'a suke zuwa a yi musu, domin tuni sun sayar da abin sayarwa, sun biya kuɗin hayar shago, wani ma har ya ciwo bashin ƙanin mahaifinsa. Ya ce addu'a kam za a yi, amma shawarar da ta zo bayan an gama ciniki, jaje sunanta.

Ya ci gaba da cewa shi ba ya zargin kowa don ya bar wata sana'a ya kama wata, domin a ƙasar nan sau da yawa ba mutum ne ke barin sana'a ba, ita ce ke barinsa. Ya kawo misalin masaƙun Kaduna. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, dubban magidanta da suka tsufa a gaban injin saƙa suka wayi gari ba inda za su. Da yawansu babur suka saya da ɗan abin da ya rage a hannunsu, suka shiga acaɓa. Ita ma acaɓar aka hana ta a tsakiyar Abuja a 2006, aka hana ta a birnin Kano a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Waɗanda suka samu hali suka koma Adaidaita Sahu. Sai ga shi ranar 29 ga Mayun 2023 an sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ya ce ke nan mutum ɗaya yana iya sauya sana'a sau uku cikin shekara ashirin ba tare da ya taɓa yin niyya ba. Tunda abin ya zama haka, wajibi ne a koyi yadda ake yin sa.

Daga nan Malam ya ɗauko labarin Abdurrahman ɗan Aufu (RA). Ya ce lokacin da Muhajirai suka isa Madina, sun bar dukiyarsu a Makka, sun fito daga garin fatake sun faɗo garin manoman dabino. Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Abdurrahman da Sa'adu ɗan Rabi'u (RA), ɗaya daga cikin mawadatan Ansar. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, bai karɓa ba, ya nemi dai a nuna masa hanyar kasuwa. Aka nuna masa kasuwar Banu Ƙainuƙa'a, ya wuni can, ya dawo da ɗan cuku da man shanu a matsayin riba. Bayan 'yan shekaru ya zama cikin manyan attajiran sahabbai.

Malam ya ce 'yan uwa su duba wannan da kyau. Mutumin nan gogaggen ɗan kasuwa ne tun a Makka, amma da ya zo baƙon wuri bai ce ai na san ciniki ba, sai da ya nemi ɗan gari. Kuma an ba shi zaɓi tsakanin jari da jagora, ya ɗauki jagora. Ya ce yau da za a tsayar da matasa ɗari a yi musu wannan tayi, shi bai san ko mutum nawa ne za su bar rabin dukiyar Sa'adu ba. Kowa kukansa jari, jari. Alhali sau nawa aka ga an bai wa yaro jari ya narke kafin wata shida?

Ya ce su Turawa sun gane muhimmancin wannan jagoranci har sun mai da shi sana'a ta kanta. A Amurka wani mai suna Thomas Leonard, wanda asalin aikinsa bai wa mutane shawara ne kan kuɗi, ya buɗe makarantar horar da irin waɗannan mutane a 1992, sannan a 1995 aka kafa ƙungiyarsu mai suna ICF. Suna kiran mai wannan aiki kocin rayuwa, kamar dai yadda ake da kocin ƙwallo. Mutum zai biya kuɗi a zauna da shi duk mako ko duk mako biyu, ana bin diddigin inda ya dosa. Malam ya ce abin mamaki, kocin ba ya faɗa wa mutum yi kaza, bar kaza. Yawancin aikinsa tambaya ce. Wani Baturen Ingila, John Whitmore, wanda da ɗan tseren mota ne, ya yaɗa wani tsari na tambayoyi huɗu a wani littafi da ya fitar a 1992: ina kake so ka kai, ina kake tsaye yanzu a gaskiya, waɗanne hanyoyi ne ke gabanka, sannan me za ka yi kuma yaushe. Ya ce shi bai ga haramci a cikin wannan ba, hikima ce, duk inda mumini ya same ta ya ɗauka. Sai dai ya yi gargaɗi cewa ko a can ƙasashen ba a buƙatar lasisin hukuma kafin mutum ya kira kansa koci, don haka na ƙwarai da na banza duk suna ɗaya suke amsawa.

A nan Malam ya daɗe, yana nuna yadda tambaya ke ceton mutum. Ya ce a ɗauka ga ɗan uwa mai Adaidaita, ya zo ya ce zai sayar da ita ya koma noman tumatir a Kadawa, saboda abokinsa ya samu alheri bara. Mai son ya faranta masa rai zai ce Allah ya sa albarka. Jagora na gaskiya kuwa zai zaunar da shi ya tambaye shi: daga ranar da ka sayar da mashin ɗin zuwa ranar da za ka tsinki kwandon farko, wata nawa ne? A ce uku ko huɗu. To a cikin waɗannan watanni me iyalinka za su ci? Idan daga kuɗin mashin ɗin ne, to jarinka ba abin da kake lissafi ba ne, sai ka cire cefanen wata huɗu tukuna. Gonar taka ce ko haya? Injin ban ruwa fa, da man da zai sha? Ka san lokacin da tumatirinka zai nuna, lokacin ne na kowa zai nuna, kwando ya faɗi warwas a kasuwa? Ka ji labarin tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, wadda har aka yi mata laƙabi da ebolar tumatir? Abokin naka da ya samu riba bara, shekara nawa ya yi yana faɗuwa kafin nan?

Ya ce ba a yin waɗannan tambayoyi don a kashe wa yaro gwiwa. Mai yiwuwa ma noman ne alherinsa. Amma bayan an gama lissafi, wataƙila abin da zai fito shi ne, kada ya sayar da mashin ɗin bana. Ya bai wa wani amintacce ya riƙa kawo masa balas, shi kuma ya je ya yi rani ɗaya a gonar abokin nasa, ya ga yadda ake rainon iri, da dashe, da feshi, da yadda dillalai ke yanka farashi. Idan ya dawo yana so har yanzu, ya shiga da ƙarfinsa. Idan kuwa ya ga ba zai iya ba, ya yi asarar wata huɗu, mashin ɗinsa na nan. Wannan hanya ta uku, in ji Malam, da wuya mai abin ya hango ta da kansa, domin wanda ya gaji da sana'arsa abu biyu kawai yake gani, ko ya zauna ko ya fita.

Sai ya juya kan wanda ya cancanci a nema. Ya ce abu na farko, kada 'yan uwa su ɗauka duk wanda ya san Ahalari da Iziyya ya san kasuwar waya. Ya tunatar da abin da ya zo a Sahihu Muslim, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ga mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, ya faɗi ra'ayinsa, suka bari, dabinon bai yi kyau a shekarar ba, sai ya nuna musu cewa su ne suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Ya ce to idan haka ne, wane Malami ne zai ji kunyar cewa wannan ba fagena ba ne? A zo wa Malam da tambayar halal da haram: wannan bashin akwai riba a ciki, wannan cinikin akwai algus? Amma mai son gyaran waya ya tafi Farm Centre ya nemi wanda ya shekara goma a kan teburi. Mai son atamfa da shadda ya nemi dattijon Kantin Kwari. Mai son ƙira da walda ya nufi Panteka a Kaduna, mai son hatsi ya nufi Dawanau. Kuma ya ce a nemi wanda ya taɓa karyewa ya tashi, domin shi ya san inda ramin yake.

Sharaɗin da ya fi nanatawa shi ne, jagora kada ya zama yana da wata riba a cikin hukuncin da za ka yanke. Wanda ke sayar da injin markaɗe ba zai taɓa ce maka unguwarku ta cika da injin markaɗe ba. Ya ce yanzu wayoyin matasa cike suke da masu kiran kansu koci da masu horarwa, a Facebook da TikTok, ga hoton mota, ga hoton daloli, a ƙarshe dai ka biya kuɗin rajista ko ka zuba kuɗi ta hanyar da zai samu kamasho. Ya tunatar da yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a watan Disambar 2016, da yadda CBEX ta yi irin haka a watan Afrilun 2025, ya ce da wuya ka samu wanda ya faɗa ciki ba tare da wani ya ja hannunsa yana kiran kansa mai nuna masa hanya ba. Hanyar gane su mai sauƙi ce, in ji shi: na gaskiya tambayarka yake yi har ka ji zufa, na ƙarya kuwa ba ya so ka yi tambaya.

Malam ya ce mu ma muna da namu tsarin tun kaka da kakanni, wato na ubangida da yaronsa. Yaro ya zauna shago shekaru, ya san sari da kiri, ya san wanda ake bai wa bashi da wanda ba a ba, sannan a yaye shi da jari ko a tsaya masa wajen dila. Ya ce tsari ne mai albarka, amma ba zai ɓoye aibinsa ba. Akwai iyayen gidan da ke riƙe yaro shekara goma sha biyar ba maganar sallama, saboda yayensa asara ce gare su. Don haka ya shawarci duk wanda zai shiga hannun wani, musamman wanda ya girma har yana da iyali, a yi magana a fili tun ranar farko a gaban shaidu, shekara nawa, me za a riƙa ba shi, da me za a sallame shi. Ya ce ai ko Annabi Musa (AS) da ya yi kiwo a Madyana, an yanka masa wa'adi, shekara takwas ko goma. Kuma yana da kyau, ban da ubangida, mutum ya samu wani dattijo can gefe wanda ba ruwansa da shagon, da zai riƙa kai masa labari.

Wannan kai labari, a cewarsa, shi ne rabin amfanin jagora, kuma shi ne abin da Turawan nan ke biyan kuɗi a kansa. Ka ce wa mutum ranar Juma'a mai zuwa zan je na tambayi masu shago uku nawa suke biyan haya, ka san kuma zai tare ka a ƙofar masallaci ya ce yaya, to za ka je. Idan kai kaɗai ka yi wa kanka alkawari, sai Juma'a goma ta wuce. Ya nemi manyan 'yan uwa masu sana'a da kowannensu ya ɗauki matashi ɗaya ko biyu, ya ba su rabin sa'a a mako, su zo da littafin shige da ficen kuɗinsu a duba tare. Su kuma matasa ya ce su yi istihara, amma su sani ba ta ɗauke wa kowa tafiya kasuwa ya yi tambaya ba.

A lokacin tambayoyi, wani ɗan uwa ya miƙe ya ce shi ya riga ya sayar da babur ɗinsa wata biyu da suka wuce, ya buɗe rumfar POS, kuma layin nasu yanzu rumfa biyar ce, ko kuɗin cefane ba ya haɗawa. Malam ya ce masa, ɗan uwa, nawa ya rage a cikin uwar kuɗin? Ya ce wajen kashi biyu cikin uku. Malam ya ce to alhamdu lillahi, ba a makara ba. Ya umarce shi daga gobe ya riƙa rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita har kwana goma sha huɗu, kada ya ƙara taɓa uwar kuɗin ko da na goro ne, sannan ya zaga ya duba ko akwai bakin wata tasha ko kasuwar ƙauye da ba mai POS ranar da take ci. Ya haɗa shi nan take da wani ɗan uwa da ya shekara shida a wannan harka, ya ce su zauna ranar Asabar da hantsi, shi kuma zai tambaye su yadda suka yi.

Daga nan aka rufe zaman da addu'a.